Darasin Juma'a: Yaushe Ya Kamata Mutum Ya Fara Dogara Sanda?

 

'Yan uwa, darasin wannan makon daga bakin ƙofar masallaci na ɗauko shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin bayan an sallame ya ga abin da nake gani. Matasa za su zura takalmi su wuce fuuu. Sai dattijo ya fito, ya dafa bango da hannu ɗaya, yana laluben silifas da yatsan ƙafa. In ya zo kan matakala sai ya ɗan dakata kamar mai neman wanda za su gaisa, alhali jira yake wani yaro ya zo wucewa ya dafa kafaɗarsa. Daga nan zuwa bakin titi zai dafa motar da aka ajiye, ya dafa teburin mai shayi, ya dafa falwaya. Ka ce masa, "Alhaji, da kun nemi 'yar sanda," sai ya ɓata rai: "Ni? Haba, ai ban kai nan ba tukuna."

Ya kai fa, ya ma daɗe da kaiwa. Bangon nan da motar nan da kafaɗar yaron nan duk sanduna ne. Aibinsu guda, ba sa bin mutum inda za shi. Ranar da zai tsallake lambatu a Agege ana tsuga ruwa, ko zai sauko daga danfo kwandasta na dukan mota yana cewa a yi sauri, babu bango a wurin.

Na san abin da ke hana mu, kuma ba girman kai kaɗai ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin ko arba'in yana nema a Kurmi yana tsoron ranar da za a gan shi da sanda a Mile 12 ko a mayankar Oko-Oba. Masu ba shi kaya bashi za su fara lissafi. Yaran shago za su fara jin kansu masu shago. 'Ya'ya kuma daga Arewa a fara bugo waya, "Baba, ku dawo gida haka nan, kun gaji." Wannan tsoron yana da tushe, domin kasuwa tana kallon tafiyar mutum kafin ta saurari maganarsa. Sai dai mu auna da kyau. Wanda ke fitowa kullum da sanda a hannu, da wanda ya kwanta wata huɗu da karaya, wa kasuwa ta fi saurin mantawa da shi?

Faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ke rasa rayukansu duk shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. In aka cire haɗarin hanya, babu haɗarin da ya kai ta kisa. A cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan mutum ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da likitocin ƙashi suka fi tsoro shi ne karayar ƙashin cinya daga can sama, inda ya shiga cikin ƙugu. Ƙashin tsoho yana yin shakaf, musamman na mata bayan al'ada ta ɗauke, har zamewa a banɗaki ta isa ta karya shi. Karayar tana can ciki inda hannun mai ɗori ba ya kaiwa, galibi sai an yi aiki, kuɗin aikin kuwa ya isa ya cinye jarin ƙaramin ɗan kasuwa. In kuma aka bar mutum a kwance, kwanciyar kanta takan jawo ciwon huhu da gyambon baya da daskarewar jini a ƙafa. Da yawa cikin tsofaffin da muke cewa "tun da ya faɗi bai sake tashi ba", wannan ne ya same su.

To me ke riƙe mutum a tsaye? Abu uku ne ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto a kowane lokaci: ido, da wani sashe a can cikin kunne mai gane juyi da karkata, da jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓɓai masu jin ƙasa. Ƙwaƙwalwa ta haɗa rahoton, ta umarci naman cinya da na ƙwauri su gyara tsayuwa. In ɗaya ya yi rauni, sauran biyun sukan rufa masa asiri, mutum ya yi shekaru bai sani ba. Shi ya sa matsalar take fara bayyana a inda aka ɗauke wa mutum ɗaya daga cikinsu. A hanyar Asuba cikin duhu. Lokacin da aka ɗauke wuta yana tsakiyar tsakar gida. Wajen wanka in ya rufe ido saboda sabulu. Wajen alwala in ya ɗaga ƙafa ɗaya zai wanke. Wanda ya lura yana tangaɗi a waɗannan wuraren, jikinsa ya fara yi masa magana ke nan.

Sanda tana aiki biyu. Na farko kowa ya san shi, ƙafa biyu sun zama uku. Na biyun ba kowa ya sani ba: hannun da ke riƙe da sanda yana jin ƙasa ta cikinta, sai ya kai wa ƙwaƙwalwa rahoton da tafin ƙafa ya daina kaiwa. Shi ya sa mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu, wanda ke jin kamar kan katifa yake tafiya, ko silifas ya zare bai sani ba, yakan ji ya daidaita da zarar ya riƙe sanda, ko da bai ɗora mata nauyi ba.

Amma kafin a je sayen sanda, a je a binciki dalili. Wannan ina so a riƙe shi da kyau, domin wasu masu tangaɗin magani suke bukata, kuma sanda za ta ɓoye ciwon ne kawai. Akwai wanda jiri ke ɗibarsa in ya miƙe daga gado ko daga sujada, ido ya yi duhu na ɗan lokaci. Sau da yawa jininsa ne ke sauka in ya tashi tsaye, kuma maganin hawan jini, ko maganin da ake ba maza masu wahalar fitsari, ko maganin barci, suna iya jawo haka. Gwajin mai sauƙi ne: a auna jini yana kwance, a sake aunawa bayan ya miƙe da minti ɗaya da minti uku. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, an gano bakin zaren. Likita ne zai gyara maganin, kada mutum ya daina sha da kansa, shanyewar ɓarin jiki ta fi jiri muni. Akwai kuma wanda ɗaki ke juya masa in ya juya a kan gado ko ya sunkuya ruku'u, hajijiyar ba ta kai minti ɗaya ta wuce. Wannan galibi wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi ne kamar tsakuwa suka gauce daga mazauninsu a cikin kunne, kuma likitan kunne ko na gashi yana mayar da su ta hanyar jujjuya kan mutum a kan gado cikin 'yan mintuna. Yanar ido ma ana cire ta. Ƙarancin jini ana gyara shi. Duk waɗannan ana duba su a babban asibitin gwamnati mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum LASUTH a Ikeja, ko LUTH a Idi-Araba, ko asibitin ƙashi na Igbobi. A tafi da ledar magunguna gaba ɗaya, har na gargajiya da na kemis, likita ya gani da idonsa.

Akwai wanda ba ya jiran gobe. Mutum yana lafiya lau, farat ɗaya ya kasa tsayuwa, baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko yana ganin abu biyu-biyu. Wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Asibiti nan take, ko a kira 112 ko 767 a nan Legas. Haka wanda ya faɗi ya bugu a kai, musamman in yana shan maganin tsinka jini, a kai shi a duba ko da ya ce babu komai.

Yanzu ga tambayar da muka faro da ita. An duba, an gyara abin da zai gyaru, tangaɗin bai tafi duka ba. Yaushe ne lokacin? Yawancinmu muna jiran faɗuwa ta yanke mana hukunci. A ganina lokacin yana zuwa tun kafin nan, kuma alamarsa ita ce ranar da mutum ya fara rage wuraren da yake zuwa saboda tsoron ƙafarsa. Ya bar jam'in Asuba da Isha'i ya ce sanyi ne. An yi rasuwa a Idi-Araba ya aika yaro da gaisuwa. Banki ma yaro, ɗaurin aure ma yaro. Gadar masu tafiya a ƙasa ta gagare shi hawa, sai ya gwammace ya tsallaka babban titi ta ƙarƙashinta, wanda ya fi komai haɗari. Ita kuma Hajiya ta daina leƙa makwabta, ta daina zuwa Islamiyya, in za ta banɗaki sai ta bi bango. Kowanne cikin waɗannan yana da uzurin da ake faɗa wa mutane, amma mai abin ya san gaskiya a ransa. Kuma zaman nan da ake yi don gudun faɗuwa shi ke kawo ta, domin ƙafar da ba ta tafiya naman jikinta zubewa yake, in ta yi rauni tsoro ya ƙaru, in tsoro ya ƙaru a ƙara zama. Masu cewa sanda tana kashe ƙafa su duba nan. Sandar da ta fitar da kai masallaci sau biyar a rana ƙarfi take ƙara wa ƙafarka.

Ma'aikatan lafiya sukan yi wa tsoho tambaya uku: ka faɗi cikin shekarar da ta wuce? Kana jin rashin daidaito in kana tsaye ko kana tafiya? Kana fargabar faɗuwa? E ɗaya ta isa a zurfafa bincike. Akwai kuma gwajin da za a iya yi a gida. A ajiye kujera mai ƙwari, a auna mita 3 daga gabanta, kusan ƙafa 10 ke nan, a ja layi. Mutum ya zauna, a danna agogon waya, ya tashi, ya yi tafiyarsa ta kullum zuwa layin, ya juyo, ya dawo ya zauna. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa sakan 12 a matsayin iyaka, wanda ya kai haka ko ya wuce yana cikin haɗarin faɗuwa. Wani ya tsaya kusa da shi lokacin gwajin. Kuma don Allah, Alhaji, ban da sauri don a burge jikoki, kanku za ku cuta.

Sauran magana ita ce ta kunya, kuma a nan addini ya taɓa lamarin kai tsaye. A Suratu Ɗaha, da aka tambayi Annabi Musa (AS) abin da ke hannun damansa, amfanin farko da ya ambata wa sandarsa shi ne dogarawa a kanta, alhali shi ne ƙaƙƙarfan da muka sani. A Suratu Saba'i, Annabi Sulaimanu (AS) ajali ya riske shi yana dogare da sandarsa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa da Manzon Allah (SAW) ya manyanta, jikinsa ya yi nauyi, ya sa ginshiƙi a wurin sallarsa yana jingina da shi. A Muwaɗɗa kuma an ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar (RA) mutane sukan dogara da sanduna a sallar dare ta Ramadan saboda tsawon tsayuwa. Limaminmu ma duk Juma'a da sanda yake hawa mumbari, ba mu taɓa jin wanda ya raina shi don haka ba.

Wanda ya karanta Ahalari zai tuna yadda aka jera halayen sallar farilla: tsayuwa ba jingina, sai tsayuwa da jingina, sai zama ba jingina, sai zama da jingina, sannan kwanciya. Ka ga akwai mataki tsakanin tsayuwa da kujera, wanda da yawanmu muke tsallake shi. Wanda zai iya tsayuwa in ya dogara da sanda ko ya jingina da ginshiƙi, wannan ne matsayinsa kafin ya koma zama. Mai lafiyar da zai iya tsayuwa da kansa kuwa, in ya jingina a farilla jinginar da zai faɗi in an zare abin, sallarsa ta ɓaci. Asalin sassaucin yana cikin hadisin Imrana ɗan Husaini (RA) a Bukhari, inda aka umarce shi ya yi sallah a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Wanda halinsa ya rikice masa, misali yana iya tsayuwa amma sujada ce ke juya masa kai, ya samu malam bayan sallah su tattauna, kowa da nasa hukuncin.

Sandar kanta kuma ba kowace ba. Kwagirin ado mai bakin ƙarfe da ake riƙewa ranar Idi zamewa yake a kan tayil. Lema ba sanda ba ce. Abin da ake so shi ne mai roba a gindi, kuma a riƙa duba robar kamar yadda ake duba tayar mota, in ta cinye a sauya. Tsawonta: mutum ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, ya saki hannu, mariƙin sandar ya zo daidai tsintsiyar hannunsa, yadda in ya riƙe gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In ta yi tsawo kafaɗa za ta yi ciwo, in ta gajarta mutum ya ranƙwafa. Ta ƙarfe mara nauyi mai maɓallin ƙara tsawo ta fi sauƙin daidaitawa, ana samunta a manyan kemis da shagunan kayan asibiti.

Kuskuren da na fi gani shi ne hannun da ake riƙewa. In gwiwar dama ce ke ciwo, sanda a hannun hagu take, ta tafi tare da ƙafar mai ciwon a taku ɗaya. Mutane sukan yi akasin haka, sai su riƙa karkata. In babu ƙafar da ta fi rauni, a riƙe da hannun da ya fi ƙarfi. Wajen hawa bene lafiyayyar ƙafa ce gaba, wajen saukowa sanda da ƙafa mai ciwo su fara sauka, in akwai ƙarfen dafawa a kama shi da ɗaya hannun. Leda da buta da waya kada su cinye hannun da ya rage, a nemi jakar ratayawa. A naɗe hannun babbar riga, mata kuma a ɗan ɗage zane da hijabin da ke jan ƙasa. Silifas ɗin da ya sude a jefar da shi, a sa takalmi mai kama dunduniya. Zama ɗaya da ma'aikacin sashen gashi, wanda ake kira fisiyo, ya isa a daidaita sandar a koya wa mutum takun, ya kuma ba shi motsa jikin ƙarfafa cinya, irin tashi daga kujera da komawa ba tare da dafawa ba. A fara koyo a tsakar gida tun ana da sauran ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In mutum ya ga sai ya ɗora wa sandar nauyinsa duka, ko yana neman abin kamawa da hannu na biyu, ko ya faɗi da ita a hannu, to ta yi masa kaɗan. Akwai mai yatsu huɗu a gindi, wadda masu shanyewar ɓarin jiki suka fi amfana da ita, sai dai tana son shimfiɗaɗɗen wuri, a hanya mai gargada girgiɗi take. Akwai ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake riƙewa da hannu biyu, ya fi dacewa da cikin gida. Keken marasa lafiya kuma ba sai wanda ya daina tafiya ba. Mai sanda yana iya neman keke a filin jirgi in ya sanar da kamfanin jirgin tun wajen yankan tikiti, haka a Harami, inda Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne. Uwar Muminai Ummu Salama (RA) da ta yi rashin lafiya, Manzon Allah (SAW) ya umarce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa.

Ku kuma 'ya'ya da yaran gida, yadda kuke kawo maganar yana iya ɓata ta. Kada a tare Baba a gaban abokan cinikinsa, kada a yi masa taron dangi. Maganar takan fi shiga in ta fito daga bakin sa'ansa, ko liman, ko likita. Na ga dattijon da ya ƙi sandar da ɗansa ya sayo masa a kemis, amma da amininsa ya kawo masa irinta tsarabar Umara, har yau ba ya rabuwa da ita. A bar shi ya zaɓi wadda ta yi masa, ya fara da inda ya fi jin tsoro, hanyar Asuba ko ranar ruwa. In an gan shi da ita a gaishe shi yadda aka saba, ban da "ayya, sannu, jiki ya tsananta ne?" Wannan kalmar kaɗai ta isa ta mayar da sandar bayan ƙofa.

Mu ma a masallaci akwai namu. Wurin alwala shi ne wuri mafi santsi a duk harabar, yana bukatar ƙarfen dafawa a bango, da wurin zama mai ɗan tudu don kada dattijo ya tsaya da ƙafa ɗaya, da goge gansakuka a kai a kai, musamman da damina. Fitilar bakin ƙofa ta kasance a kunne kafin kiran Assalatu ko da babu wuta. Takalman da ake zubarwa a kan matakala a kau da su gefe. Mai sanda ya kwantar da ita a jikin bango ko a tsaye da ginshiƙi kusa da shi, kada ta gitta inda ake wucewa ta kayar da wani. Yara kuma a ja musu kunne, sandar tsoho ba abin wasa ba ce, in an sallame ya same ta a inda ya ajiye.